Ƙwaya Ko Allura: Wanne Maganin Ciwon Suga Ne Ke Rage Ƙiba?

Shekarun baya, sha-ka-fashe ne maganin da wasu mata ke nema a kemis don su yi jiki. Yanzu lamarin ya juya. A gidajen biki da zaurukan WhatsApp, daga Keffi har garuruwa irin su Agwada, hirar ta koma kan maganin masu ciwon suga da aka ce yana zubar da teɓa. Wasu su ce allurar ce mai aiki, wasu su ce ƙwaya ta wadatar. Ina gaskiyar take?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, sinadarin da ke cikin magani shi ke aiki, ko da wace hanya ya shiga jiki. Insulin allura ce, amma ƙara nauyi take yi. Haka ma glibenclamide, ƙwayar da ta daɗe a hannun masu suga. Wanda ba shi da ciwon ya yi amfani da ɗayansu, sugansa na iya faɗuwa har ya suma, ko ma ya rasa ransa.

Ƙwayoyin sha

Metformin, wanda yawancin masu ciwon suga nau'i na biyu ke farawa da shi, yana da araha, amma nauyin da yake ragewa bai cika wuce kilo biyu zuwa uku ba. Jardiance da Forxiga suna fitar da suga ta fitsari, su ma ragin nasu bai wuce haka ba, kuma sukan jawo ƙaiƙayin gaba da ƙarancin ruwa a jiki.

Sai Rybelsus, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2019. Sinadarin semaglutide ne a cikinsa, mai rage sha'awar abinci da jinkirta fitarsa daga tumbi. A gwaje-gwaje, masu suga da suka sha mai nauyin miligiram 14 sun rage kimanin kilo huɗu. Sai dai yana da ƙa'ida: kullum ake sha, ciki babu komai, da ruwan da bai wuce rabin kofi ba, a kuma jira minti 30 kafin kokon safe ko wani magani. Dalili kuwa, abin da ke shiga jini daga ƙwayar bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Allurai

Ozempic, na kamfanin Novo Nordisk da ke Denmak, ya samu amincewa a 2017 domin masu suga. Semaglutide ɗin ne dai, amma sau ɗaya a mako ake yi a ƙarƙashin fata. A 2021 kamfanin ya fito da Wegovy mai ƙarfin da ya fi haka, musamman don rage ƙiba. Wani bincike kan mutum 1,961 ya nuna sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, tare da gyara cin abinci da motsa jiki. Ke nan mai kilo 100 ya dawo wajen 85. Mounjaro na kamfanin Eli Lilly, wanda ya fito a 2022, yana ɗauke da sinadarin tirzepatide, wanda a gwaji ragin nasa ya kai kusan kashi 20.

A lissafi dai waɗannan allurai sun sha gaban ƙwayoyin da muka ambata. To amma a nan gida akwai wani lissafin. Alƙalamin Ozempic da ba a fara amfani da shi ba yana buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma bayan an fara bai kamata ya ji zafin da ya haura digiri 30 ba. Wanda ya san zafin watan Maris a Keffi da halin da wutar lantarki ke ciki, ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ga tsada, ga kuma jabu: a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na bogi da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka. Araha dai ba ta ado.

Abin da masu talla ba sa faɗa

Ƙwaya ko allura, semaglutide na iya sa tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, wani lokaci da kumburin saifar suga ko tsakuwa a matsarmama. Mai juna biyu ba ta amfani da shi, mai shirin ɗaukar ciki ma ana so ta daina wata biyu kafin nan. Wanda aka taɓa samun wani nau'in kansar maƙoshi a danginsa, shi ma ya nisance shi.

Babbar magana ita ce ranar da aka daina. Mutanen da aka bibiya daga wancan binciken sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da suka rage cikin shekara guda da barin maganin. Amaryar da ke son ta yi allurar wata biyu kafin biki, da maigidan da zai sayi alƙalami ɗaya kuɗin su ƙare, duk sai su yi wannan tunani.

Don haka kafin a kashe ko sisi, a je asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a auna suga, hawan jini da aikin ƙoda. Likita ne zai duba ko ƙwaya ta fi dacewa da mai gidan da babu firji, ko allurar mako-mako ta fi sauƙi ga mai yawan mantuwa, zai kuma tsara lokacin shan magani idan azumi ya zo. A duba lambar NAFDAC a jikin kwali, a guji sayen allura daga masu talla a intanet. Rage malmalar tuwo da lemon kwalba, da tattaki bayan la'asar kuwa, ko wanne aka zaɓa suna nan a kan mutum.