Kankana a Rana, Naman Kaza a Inuwa

Da zarar an gama girbi, gidaje da yawa sai su naɗe hannu suna jiran damina, alhali kuɗin makarantar yara da na cefane ba sa jira. To, ga abubuwa biyu da iyali za su iya nomawa a ɗan fili: kankana da naman kaza. Halinsu ya sha bamban. Kankana rana take so, naman kaza kuwa inuwa da laima. Amma abu guda ya haɗa su: in iri ba shi da kyau, wahala ta tashi a banza.

Mu fara da kankana. Ƙasa mai rairayi take so, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, shi ya sa take albarka a Jigawa da Yobe. Akan shuka ta a ƙarshen damina, ko kuwa da rani a fadama. Mun taɓa shan wata mai zaƙi, muka ajiye 'ya'yanta muka shuka. Da muka fasa abin da ta haifa, sai ga shi fari, salam. Ashe wata kankanar kasuwa irin haɗi ce, 'ya'yanta ba sa ɗauko halin uwar. Saboda haka a sayi iri a rufe cikin fakitinsa, a duba kwanan wata. Irin da ake kira Sugar Baby yakan nuna cikin kwana 75 zuwa 85.

A zuba ruɓaɓɓen taki a rami, a sa ƙwaya 2 ko 3, zurfin kamar santimita 3. Tsakanin rami da rami mita 1, tsakanin layi da layi mita 2, gama tana yaɗo. In sun tsiro a bar biyu masu ƙarfi. Kankana tana da fure namiji da fure mace, ƙudan zuma ne ke haɗa su da safe. Wanda ya fesa magani a lokacin ya kashe ma'aikatansa. Kada a yi garajen tsinka, domin ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta. A jira ɗan zaren da ke murɗe kusa da ita ya bushe, gefen da ta kwanta a kai ya yi ruwan ɗorawa.

Naman kaza kuwa ba shi da ƙwaya irin ta hatsi. Irinsa wani farin abu ne mai kama da saƙar gizo, wanda masana ke renonsa a jikin dafaffiyar dawa cikin kwalba. Wanda ya fi sauƙin nomawa a ƙasarmu shi ne wanda ake kira oista. Ba ya bukatar gona, garin katako ko karan shinkafa ko totuwar masara sun ishe shi.

A jiƙa garin katakon yadda in an matsa a hannu zai dunƙule amma ruwa ba zai zuba ba. A cusa a leda, a turara cikin duro na sa'o'i da dama don kashe fumfuna. Sai ya huce sarai, a wanke hannu da sabulu, a zuba irin, a ɗaure. A ajiye a ɗaki mai duhu mako 3 zuwa 4. In ledar ta yi fari fat, a tsaga ta, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Ba da daɗewa ba za a fara cira, kuma leda guda takan ba da sau biyu ko uku. Wadda ta yi kore ko baƙi a fitar da ita nan da nan, kada ta shafi sauran.

Ga gargaɗi, iyaye. Kada wani ya tsinko na daji ya ce zai ci ko zai yi iri da shi. Waɗansu suna da dafin da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe shi. A ja wa yara kunne. Rigakafi ya fi magani.

Shawararmu ita ce a fara da kaɗan: rami 20 na kankana, leda 10 na naman kaza. In hannu ya faɗa, baɗi sai a ƙara.