Ina Sauran Wutar Take Tafiya?

Mai turara shinkafa a Bakura ko Talata Mafara, idan ta girka babbar tukunya a kan duwatsu uku ta cusa itace, zafin da ke shiga tukunyar bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sauran kuwa, iska ke kwashewa ta gefe. Wato a cikin damin itace goma, takwas ko tara tsakar gida suke ɗumamawa. In itacen ɗanye ne abin ya fi muni, domin sai wuta ta busar da ruwan cikinsa kafin ta waiwayi tukunya.

Shi kuwa ruwa, da zarar ya tafasa a digiri 100 ya tsaya ke nan. Ko an ƙara iza wuta ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya riƙa tashi yana bin iska. Tashin nan kuma tsada gare shi: mayar da lita ɗaya ta zama tururi yana cin wuta fiye da ninki biyar na abin da ake bukata a kai ta ga tafasa daga sanyin ƙanƙara. Shi ya sa a ganina murfi ya fi kowane kayan kicin biyan kuɗinsa.

Ɓuntun shinkafar da ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injin casa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, kuma makamashi ne. Manyan kamfanonin shinkafa da shi suke hura tukunyar tururinsu.

Wani abin da ke jawo asarar wuta shi ne farin ɓawon da ke mannewa a gindin butar shayi, domin yana tare zafi. A masana'anta, ko siririnsa ya kama bututun tukunyar tururi sai kuɗin mai ya ƙaru.

Tsohon ƙwan lantarki mai jan zare ya fi kusa da murhu, don kusan kashi 90 na wutar da yake sha zafi take zama. Ƙaramin janareto ma haka: mafi yawan fetur ɗin yana fita ta salansa da zafin jikin inji, abin da ya zama lantarki da kyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar. Kada dai mu yi masa dariya da yawa. Injin tururin da Thomas Newcomen ya ƙera a Ingila a 1712 ko kashi ɗaya cikin ɗari na kwal ɗin da yake ci ba ya mayarwa aiki, har sai da James Watt ya yi masa gyara a 1769.

Babban misali yana nan gida. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978 a ƙasar Maradun, an haɗa ta da injinan lantarki na megawat 3. An tsara shayar da hekta 23,000: hekta 15,000 ta hanyar fesa ruwa da famfuna masu cin wuta, sauran 8,000 kuma ta magudanai, inda ruwa ke gangarawa da kansa. Famfunan feshin sun daɗe da tsayawa. Magudanan da ba su shan ko ɗigon mai su ne suka ci gaba da kai ruwa gonakin shinkafa, kuma da aka zo gyaran aikin da tallafin Bankin Duniya, tsarin magudanai aka nufi mayar da wani ɓangare na filayen feshin.