Ba Siminti Kaɗai Ke Riƙe Bene Ba

Fili ya yi tsada a manyan garuruwanmu, iyali kuma kullum ƙaruwa suke yi, don haka magidanci da yawa sun fara ɗaga kai sama. Wanda ya gaji ɗan fuloti a cikin gari, ba shi da inda zai faɗaɗa gabas ko yamma, dole ya yi tunanin bene: ƙasa shaguna ko turakar maigida, sama ɗakunan iyali ko na haya. Wannan ba laifi ba ne, dabara ce mai kyau. Matsalar tana cikin wani zato da ya zauna a zukatan jama'a, cewa duk ginin da aka zuba wa siminti da rodi ya tsira, ginin ƙasa kuwa na talaka ne mai jiran damina ta rushe shi. Wannan zato ya ci rayuka, domin abin da ke riƙe bene abu uku ne: ƙasar da aka kafa shi a kai, lissafin nauyin da zai ɗauka, da yadda aka raba shi da ruwa. In an cika waɗannan, tubali yana iya ɗaukar hawa da yawa. In an tauye su, kankare ma zubewa yake yi.

A fara da ginin ƙasa, tunda shi aka fi rainawa. A garin Shibam da ke kwarin Hadaramaut a ƙasar Yaman akwai gidaje kusan 500 na tubalin laka, da yawansu hawa biyar zuwa takwas, kuma garin a siffarsa ta yanzu ya faro ne tun ƙarni na 16. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982. Nan kusa da mu, hasumiyar babban masallacin Agadas ta kai mita 27, ta ƙasa ce tun daga tushe har ƙoli. Ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da bakan gizonsa masu ban mamaki. Waɗannan gine-gine ba da sa'a suka tsaya ba. Maginan da suka yi su sun san cewa katanga dole ta yi kauri a gindi ta riƙa sirancewa tana hawa, don nauyin sama ya ragu. Sun san azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar tazara mai faɗi, shi ya sa ɗakunansu ƙanana ne, in kuwa ana son soro mai faɗi sai a yi baka ko a kafa ginshiƙi. Sun san ruwa shi ne babban abokin gaba, sai suka yi indararo mai tsawo da zai jefa shi nesa da bango, suka shafe rufi da katanga da makuba ko laso, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka a sake yaɓe. Wannan duk lissafi ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Yanzu a duba ɗaya ɓangaren. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, Legas, ya rufta ya kashe mutum fiye da 40. A watan Maris 2019 wani bene mai makarantar yara a samansa ya faɗi a unguwar Ita-Faaji ta Legas, mutum 20 suka rasu. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a Jos ya rufta kan ɗalibai ana tsakar karatu, aka rasa rai 22. A Kano ma, a watan Agusta 2022, wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut ya zube a tsakiyar kasuwar waya. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka gina da laka. Mafi muni a wannan zamani shi ne Rana Plaza a Bangaladash, wanda ya rushe a ranar 24 ga Afrilu 2013 ya hallaka mutum 1,134. Bincike ya nuna an ɗora masa ƙarin hawa ba da izini ba, an jibge manyan janareto da kekunan ɗinki a sama, wani sashe na filin kuma tsohon tafki ne da aka cike. Kwana ɗaya kafin faɗuwarsa an ga bango ya tsage, amma aka tilasta wa ma'aikata komawa ciki. Duk wanda ya san yadda ake gini a unguwanninmu zai ga babu baƙon abu a cikin wannan labari.

Babban haɗarin da ya fi kusa da talaka shi ne ɗora bene a kan gidan da tun asali ba a yi shi don bene ba. Mutum ya gina ɗaki uku da falo shekara goma da suka wuce, harsashin bai wuce gwiwa ba, babu pila ko ɗaya, bulon inci shida ne. Yau ya sami kuɗi, sai ya kira birkila ya ce a yaye kwano a zuba dekin. Mutane ba su cika sanin nauyin dekin ba. Kankaren da ya cika ma'aunin mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana kai kilo 2,400. Ke nan dekin mai kaurin santimita 15 a kan ɗaki mai mita huɗu kowane gefe ya haura tan biyar da rabi, wato nauyin buhun siminti fiye da 110, tun ba a ɗora bulon sama ba, ba a sa tayil ba, ba a shigo da gado da kujeru da mutane ba. Sannan a kawo tankin ruwa mai lita 2,000 a ajiye a kusurwa, wanda shi kaɗai tan biyu ne idan ya cika. Duk wannan nauyi dole ya sami hanyar gangarawa daga dekin zuwa bim, daga bim zuwa pila, daga pila zuwa harsashi, daga harsashi zuwa ƙasa. Inda hanyar ta yanke, nan ginin zai karye, ko a shekarar farko ko a ta bakwai.

Ita kanta ƙasar ba iri ɗaya ba ce. A tsofaffin biranenmu, musamman Kano, kududdufai da yawa waɗanda kakanni suka haƙa don ɗebo ƙasar gini an cike su da shara da ɓaraguzai, an yanka an sayar a matsayin fuloti. Irin wannan wuri yakan ɗauki shekaru yana lotsawa, kuma ba daidai yake lotsawa ba, wani gefe ya fi wani. A yankin tafkin Chadi da wasu fadamu akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Ido ba ya gane wannan daga sama. Gwajin ƙasa ne ke nuna zurfin da za a kai kafin a sami wuri mai ƙarfi, da irin harsashin da ya dace.

Ko harsashi ya yi kyau, ana iya cutar kankare a wurin kwaɓi. Kwaɓin da aka saba da shi a ƙananan gine-gine shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, amma a wurin aiki sai ka ga ana ƙara yashi don buhu ya yi auki, ana tuttula ruwa don lebura ya ji sauƙin zubawa. Yawan ruwa a kwaɓi yana raunana kankare, haka ma yashi mai haɗe da laka ko datti. Kankare yana jure danni amma ba ya jure ja da lanƙwasa, rodi ne ke ɗaukar wannan, saboda haka rage kaurinsa ko ƙara tazara tsakaninsa sata ce daga ran ginin. In kuma ba a rufe rodin da isasshen kankare ba, danshi zai kai gare shi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa pila daga ciki. Bayan an zuba, kankare yana buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa. A zafinmu da iskar hunturu, dekin da aka bari ya bushe a kwana biyu ya yi asarar ƙarfin da ba zai dawo ba. Masu gaggawar kwance katako da sandunan tokare don su kai wani aikin su ma suna da nasu alhakin.

Mai karatu zai iya cewa, to ai kowace damina gidajen ƙasa ake jin sun danne mutane a ƙauyuka. Gaskiya ne, kuma ko Shibam ambaliyar 2008 ta yi mata ɓarna. Amma a duba gidajen da ke faɗuwa: yawanci bangonsu siriri ne, ba su da tushen dutse, ruwa yana kwanciya a gindinsu, an daina yaɓe tun rasuwar mai gidan. Akwai kuma kuskuren zamani da ya fi sakaci muni, wato gauraya laka da siminti ba da sani ba. Filastar siminti a kan bangon laka tana da kyan gani, amma ba sa kama juna sosai. Da ta tsage ruwa zai shiga bayanta, ya rasa hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye mai gida yana ganin fenti lafiya lau. Zuba dekin a kan tsohuwar katangar ƙasa kuwa ganganci ne tsantsa.

Wannan ba ya nufin ƙasa ba ta da wuri a ginin zamani. A Yamai, aikin gidajen da ake kira Niamey 2000, wanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana, gidaje ne masu hawa da aka yi da bulon ƙasa matsattse. Ita ce kuma, tare da Yasaman Esmaili, ta gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa da irin wannan bulo. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda shi ma ya fara da gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya sami kyautar Pritzker a 2022, mafi girma a fannin zanen gini. Shi bulon ƙasa matsattse jar ƙasa ce ake haɗawa da ɗan siminti kaɗan a matse da inji, a ɗora kan harsashin kankare ko dutse, a ba shi rufi mai baki da zai kare bango daga feshi. Amfaninsa a fili yake ga duk wanda ya san zafin ɗakin dekin a watan Afrilu, domin bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana. Sai dai shi ma yana buƙatar gwajin ƙasar da za a matse da lissafin injiniya, ba kowace ƙasa ce ke yin bulo ba.

Wani kuma zai ce ɗaukar injiniya sai masu hali, kuma magininsa ya shekara talatin yana aiki ba a taɓa jin gininsa ya faɗi ba. Ƙwarewar birkila abar girmamawa ce, amma aikinsa jera bulo da zuba kankare ne, lissafin kaurin pila da adadin rodi fanni ne dabam. Gini da yawa da ba su faɗi ba tukuna suna tsaye ne a bakin iyakar ƙarfinsu. A Najeriya injiniyan gaskiya yana da rajista da COREN, mai zanen gini da ARCON, kuma hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su ke amincewa da fulan kafin a fara. Ana kuka da jan ƙafa da neman na goro a ofisoshi, kukan kuma yana da tushe, amma takardar da aka saya ba tare da an duba zane ba ba za ta riƙe dekin ba. Masu cewa komai ƙaddara ce su tuna cewa addinin da ya koyar da ƙaddara shi ne ya hana ha'inci da cutar da maƙwabci, kuma bene idan ya faɗi ba mai shi kaɗai yake dannewa ba.

Ga masu haya da maƙwabta, alamun haɗari ba sa ɓuya: tsagewar da ta bi bango a karkace tana ƙara faɗi, ƙofa ko taga da ta fara cijewa ba dalili, dekin da ya yi ciki, kankaren da ke ɓarewa rodi mai tsatsa ya fito, ko ƙarar ɓas-ɓas daga pila. Duk wanda ya ga haka kada ya yarda a toshe da filasta a shafa fenti. A fitar da iyali, a kira injiniya ya duba, in mai gida ya ƙi a kai magana wurin mai unguwa da hukumar tsara birni. Kai kuma mai niyyar ɗora bene, kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka sa a tone gefen harsashinka a ga abin da ke ƙasa.