Sa Ɗaya, Ciniki Biyu

Duk wanda ya taɓa kora shanu ya ƙetare iyaka ya san wannan abu: ka sayar a kara, an yi sallama, an shafa fatiha, kana murna ka ci riba, amma da ka dawo gida ka zauna ka yi lissafi sai ka ga ko uwar kuɗin ba ta cika ba. Sai mutum ya kama zargin dillali, ko ya ce yaran mota ne. Sau da yawa ba laifinsu ba ne. Sa ɗin da ya ƙetare iyaka sau biyu ake cinikinsa: na farko a kara gaban mahauci, na biyu a kan tabarmar ɗan canji. Mun ƙware a na farko tun kaka da kakanni. Na biyun ne ke kayar da mu.

Dalilin da ya sa shanu ke gangarawa kudu ba ɓoyayye ba ne. Ƙasarmu ta kiwo ce. Can kurmi kuwa ƙudan tsando da cutar sammore ba sa barin irin shanunmu su yi ƙarko, ga kuma ɗimbin jama'a masu cin nama a Ikko da Ibadan da Fatakwal. Mu kuma muna bukatar abin da ya fi araha a wajensu: masara, siminti, yadi, robobi, taki. Masana tattalin arziki sun cika littattafai a kan wannan, amma ƙarshen maganarsu ita ce kowace ƙasa ta riƙe abin da ya fi mata sauƙin samarwa, ta yi musanye da maƙwabciyarta. Bafataken da ya kai kanwa Gwanja ya dawo da goro ya san haka ba tare da ya shiga aji ba.

To, inda gizo ke saƙa shi ne, da sefa muke saye, da naira muke sayarwa.

Bari mu ɗauki misali, lissafi ne kawai don a gane. Ka sayi sa a kasuwar gida jika 300. Kuɗin mota, takardun duwan, na likitan dabbobi, la'ada, ciyawa, da na goro a shingaye, a ce sun tashi jika 40. Ka kashe jika 340 ke nan. Ranar da ka tashi, jika ɗaya naira 2,400 ake canjinta. Ka isa Ikko aka taya, ka sallama a naira 900,000. In a ranar ka canja, jika 375 ke hannunka, ribarka jika 35, alhamdu lillahi. Amma mahauci ya ɗauka bashi, kamar yadda aka saba, sai bayan mako uku ya biya. Kafin nan naira ta zame, jika ta koma naira 2,700. Kuɗinka na nan 900,000 cif, ko kwabo bai ragu ba, amma yanzu jika 333 za su ba ka. Ka faɗi da kusan jika bakwai a kan sa ɗaya. In shanu 30 ka loda, ribar da ka sa wa rai ta fiye da miliyan ɗaya ta tafi, har ka ci cikin uwa da jika 200. Ba wanda ya cuce ka a kara.

Shin wa ke yanka wannan farashi na canji? Kuɗi ma haja ne, kamar bijimi. Ranar da shanu suka cika Maigatari, Alhamis, masu saye kuma 'yan kaɗan, kowa ya san abin da zai faru. Haka naira. Ɗan canjin da ke Wapa a Kano, ko na Maraɗi da Ƙonni, yana tsakanin mutum biyu ne. Ga mu, mun zo da naira muna neman sefa. Ga ɗan kasuwar da ya zo da sefa yana neman naira don ya sari hatsi a Dawanau ko yadi a Kantin Kwari. In masu neman kayan Nijeriya sun yi yawa, naira ta yi tsada, mu kuma mu ji daɗi. In kuwa 'yan Nijeriya ne suka yi ca a kan sefa, don su sayo kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa, ko don kawai su ajiye dukiyarsu cikin kuɗin da ba ya narkewa, sai naira ta zube, da ribarmu a ciki.

Akwai kuma bambanci tun daga tushe. Sefa a ɗaure take. Da can an ɗaure ta da kuɗin Faransa, daga 1999 kuma da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Naira kuwa sau da dama ana ɗaure ta ana kwancewa. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba). A 1986 gwamnatin Babangida ta sake ta ga kasuwa, ta kama gangara. A Yunin 2023 aka sake sakinta, kafin tsakiyar 2024 dalar Amurka ɗaya ta haura naira 1,400. Jikar da ake canjawa naira dubu da 'yan kai a farkon 2023 ta haura naira 2,000. Mahaucin Ikko na kukan shanu sun yi tsada, mu kuma muna kukan kuɗin ba su da auki, kuma dukkanmu gaskiya muke faɗi.

Manya daga cikinmu za su tuna lokacin da abin ya juya ta ɗaya gefen. Ranar 11 ga Janairu 1994, a Dakar, aka sanar da karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100. Ma'aikacin birni ya sha wuya, albashinsa na nan yadda yake, kayan kanti sun yi sama. Amma makiyayi da bafatake sun ga haske, don shanun Sahel sun yi wa mai saye daga waje araha, kuma nairar da muka dawo da ita tana ba da sefa mai yawa. Sai dai kada a manta, maganin dabbobi da taya da kayan gyaran mota, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, su ma sun tashi. Shi ya sa murnar ba ta daɗe kamar yadda aka zata ba.

Wannan karya darajar ta kuma taimaka wajen korar wani abokin hamayya da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba. A shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ƙasashen Turai sun tara naman da ya fi ƙarfin cinsu, sai suka riƙa biyan 'yan kasuwarsu tallafi don su fitar da shi waje. Daskararren naman nan ya cika Abijan da Akara da Kwatano a kan farashin da ba sa mai ƙafa huɗu da zai iya karawa da shi. Ka yi tafiyar kwanaki da dabba mai rai, ka tarar wani ya riga ka da kwali. A 1993 aka fara rage tallafin bayan ƙorafe-ƙorafe, a 1994 kuma farashin kwalin ya ninka a ƙasashen sefa. Sai a 2015, a taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Nairobi, aka amince a daina irin wannan tallafi na fitar da amfanin gona da kiwo. Ni a ganina, in ana mana wa'azin kasuwa 'yantacciya, ya kamata a fara da wannan labari.

Iyaka ma tana da nata. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta canja launin naira ta rufe iyakoki, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗi banki. Wanda ke da buhun naira a Damagaram ya wayi gari da takardar ƙunsa ƙosai. Ga fari ya zo a shekarar, har aka sa wa yunwar suna El-Buhari, iyakar kuma sai 1986 aka buɗe. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO, amma sefa ba ta canja ba. Masu zuwa daga Cadi da Kamaru, su ma su lura: sefarsu da tamu darajarsu ɗaya a takarda, amma bankin da ke buga su daban ne, kuma ɗan canji sai ya cire nasa.

To, mene ne abin yi? Na farko, a tambayi farashin canji kafin a taya sa, ba bayan an sayar ba. In za a ba mahauci bashi, a sa kwanakin cikin farashi, don wanda ya biya yau da wanda zai biya bayan mako uku ba kuɗi ɗaya suka biya ba. Kada a kwana da naira mai yawa in tana gangara. Sannan dabarar iyayenmu har yanzu tana aiki: nairar da ta yi rauni a tabarmar ɗan canji ba lalle ta yi rauni haka a kasuwar Kano ba, don farashin kaya ba ya tashi da sauri kamar na canji. Wanda ya juya kuɗinsa ya sari dusa ko ƙulin auduga ko siminti ya dawo da su, sau da yawa ya kan tsira da abin da zai ɓata a canji. Amma a fara bincika ko an hana fitar da kayan a lokacin, musamman hatsi, kuma a lissafa kuɗin duwan na dawowa kafin a loda.