Daga Ivrea Zuwa Kurawa: Labarin Tafiretar Kakana

Ranar da mutanen gidanmu suka bar Kurawa zuwa Sabon Birni saboda 'yan bindiga, kowa ya ɗauki abin da ya ga ba ya iya bari. Mata suka kwashi tukwane da tufafin yara, babana ya ɗaure buhun gero a bayan babur. Shi kuwa Baba Tsoho, kakana na wajen uba, wata 'yar jaka mai zif ya rungumo a ƙirji, ya ce in babu wurinta a mota to shi ma a bar shi nan. Tafireta ce a ciki, shuɗiya mai ɗan sirkin kore, da wani ƙunshin tsofaffin takardu da aka ɗaure da zare.

Dariya abin ya ba ni a lokacin. Na ce, "Baba Tsoho, mutane na gudun ceton rai kai kana gudu da gwangwani?" Ya harare ni ya ce, "Kai ɗan nema, wagga da kaka gani ita tac ciyad da ubanka."

Bai yi ƙarya ba. Shekaru masu yawa ya yi yana zama ƙarƙashin wata bishiya kusa da kotu, da teburi da benci, yana buga wa mutane takardar koke, takardar rantsuwa, shaidar cinikin gona, har da wasiƙar neman aiki. Kowace takarda da kabon yake buga ta, ya ba mai ita ta sama, ya ajiye ta ƙasa. Ƙunshin nan da na raina, kwafin cinikin gonakin mutane ne na shekara da shekaru.

Na daina dariyar a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, aka kuma hana sayar da fetur a jarka. Shagunan kwamfuta da yawa suka yi shiru, tunda janareta ba ya shan ruwan rijiya. Sai ga mutane sun fara sallama a zauren da muke haya, ana tambayar ko tsohon nan har yanzu yana bugu. Ya kakkaɓe ƙura, ya ɗiga man keken ɗinki, aka ci gaba da jin kas-kas-kas har magariba.

A bana malaminmu ya ce kowa ya rubuta tarihin wani kayan sadarwa da ke gidansu. Da na je hutu na juya tafiretar. Sunanta Olivetti Lettera 32, a bayanta kuma an rubuta Ivrea. Na ɗauka sunan wani samfuri ne. Ashe gari ne.

Ivrea ƙaramin gari ne a arewacin Italiya, a gindin duwatsun Alps, kimanin kilomita 50 daga birnin Turin. Mutanensa a yau sun ɗan haura 20,000. A cikinsa akwai wata 'yar al'umma ta Yahudawa wadda ba ta taɓa yin yawa ba. A shekarun 1720 sarakunan yankin suka tilasta musu zama a lungu guda, abin da ake kira geto, kuma sai a 1848 aka ba Yahudawan yankin 'yanci irin na sauran 'yan ƙasa. A 1875 suka gina babban wurin ibadarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba a daɗe ba ginin ya yi musu yawa, domin da 'yanci ya samu sai matasansu suka riƙa tafiya Turin da Milan neman karatu da aiki. Duk wanda ya ga masallacin Juma'ar ƙauyensu da sahu biyu ya san irin wannan shirun.

A wannan al'umma aka haifi Camillo Olivetti a 1868. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne, ya rasu yaron yana jariri, uwarsa ce ta raine shi. Ya karanci injiniyancin lantarki a Turin, a 1893 kuma ya bi malaminsa Galileo Ferraris zuwa Amurka, har ya yi ɗan aiki a Jami'ar Stanford. Can ya ga yadda tafireta ta cika ofisoshi. Da ya tashi kafa masana'antar tafireta a 1908, garinsu ya zaɓa, a wani gini na jan bulo, da ma'aikata kusan 20, mafi yawansu 'ya'yan manoma waɗanda shi da kansa ya koya wa aikin. Samfurinsu na farko, M1, an nuna shi a bajekolin Turin a 1911.

Bari in tsaya nan kaɗan. Da na karanta wa abokaina wannan sashe a ɗakin kwana, wani ya ce, "Au, ashe ta Yahudawa ce?" da irin muryar da kowa ya gane. Na san abin da ke ransa, domin ni ma hotunan Gaza sun hana ni barci. Amma Camillo Olivetti ya mutu shekara biyar kafin a kafa ƙasar Isra'ila, kuma a zamaninsa danginsa ne ake farauta gida-gida. Mu da ake kira "mutanen dajin can" a wasu garuruwa, ana kallonmu da laifin waɗanda suka kore mu, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba.

Shi kansa Camillo ba mai riƙo da ibadar Yahudanci ba ne sosai. Ɗan gurguzu ne a siyasa, ya auri Luisa Revel, 'yar wani limamin ƙaramar ɗariƙar Kirista ta Waldensiya, waɗanda su ma sun sha tsangwama a Italiya. Ɗansu Adriano, wanda aka haifa a 1901, ya auri Paola Levi daga wani gidan Yahudawa 'yan boko na Turin, 'yar uwar marubuciya Natalia Ginzburg. Ta irin wannan auratayya da abota injiniyoyi da dama daga gidajen Yahudawan Turin suka shigo kamfanin. Riccardo Levi yana cikin waɗanda suka ƙera tafiretar hannu ta farko ta Olivetti a 1932, wato kakar wadda Baba Tsoho ya rungumo.

A 1938 gwamnatin Mussolini ta fito da dokokin wariyar jinsi. Aka kori Yahudawa daga makarantun gwamnati da aikin gwamnati, aka taƙaita musu mallakar kamfani da dukiya. A shekarar Camillo ya sauka ya bar wa Adriano shugabanci, shi kuma Adriano ya tsira da takardar da ke nuna an yi masa baftisma a ɗariƙar uwarsa. Surukinsa Gino Levi, babban injiniya a kamfanin, ya sauya suna ya koma Gino Martinoli. Ka ga ikon Allah, masu ƙera na'urar buga takardu, rayuwarsu ta rataya a kan takarda ɗaya. Ba zan ɓoye ba, Adriano ba waliyyi ba ne: a 1926 shi ya tuƙa motar da aka gudu da ɗan adawa Filippo Turati, amma daga baya ya yanki katin jam'iyyar Mussolini, kamar yadda masu masana'antu da yawa suka yi don a bar su su yi aiki. Mu nan mun san masu biyan harajin 'yan daji don a bar su su yi noma, ban kuma ga wanda ya isa ya yi musu hukunci daga cikin ɗaki mai fanka ba.

Da sojojin Jamus suka mamaye arewacin Italiya a Satumbar 1943, abin ya wuce kora daga aiki ya koma kamu. Yahudawan Italiya fiye da 7,000 ne suka halaka. Camillo, yana da shekara 75, ya ɓuya a ƙauyukan kusa da Biella, ya rasu a asibitin garin a Disamba. Aka binne shi a maƙabartar Yahudawa. A lokacin, a gan ka a jana'izar Bayahude kaɗai ya isa ya jawo maka bala'i, amma ma'aikatansa suka taso daga Ivrea da yawansu suka raka shi. Wani injiniyan kamfanin, Guglielmo Jervis, wanda ya shiga 'yan gwagwarmaya kuma yake tsallakar da masu gudu ta kan duwatsu, an kama shi an harbe shi a 1944. Titin da masana'antar take a kai, sunansa yake ɗauke da shi har yau. Adriano ya tsallaka Suwizalan a shekarar, bai dawo ba sai da aka gama yaƙi.

Me ya sa ma'aikata za su sayar da ransu don gawar maigida? Amsar tana cikin yadda aka tafiyar da wurin. Adriano ya sha ba da labarin cewa lokacin da ya dawo daga Amurka da sababbin dabarun hanzarta aiki, mahaifinsa ya yarje masa ya sauya duk abin da ya ga dama, ban da abu ɗaya: kada sabuwar dabara ta zama dalilin korar ko mutum guda. Bayan yaƙi ya ɗora a kan haka. Aka gina wa ma'aikata gidaje da asibiti da ɗakin karatu da gidan renon yara. Mace in ta haihu tana samun hutun kusan wata tara da albashinta. Bangon masana'antar na gilashi ne, don mai aiki ya riƙa hango duwatsun garinsu. Abin da ya fi burge ni, an sa motocin safa suna ɗauko ma'aikata daga ƙauyuka suna mayar da su, an kuma buɗe ƙananan wuraren sana'a a ƙauyukan, don kada mutum ya bar gonar ubansa saboda ya samu aikin albashi. Mu a Gobir kowace rani ƙauye ke zubewa, samari sun tafi Legas, Fatakwal ko Agadas, tun ma kafin a fara jin ƙarar bindiga.

Kuma duk da wannan kashe kuɗi, riba suke ci. Lettera 22 ta 1950 ta shiga gidan adana kayan fasaha na New York, na'urar lissafinsu Divisumma 24 ta 1956 ta kawo kuɗi kamar ruwa, a 1959 suka fitar da babbar kwamfuta Elea 9003, suka kuma fara saye kamfanin Underwood na Amurka, wanda a da su ke kallonsa daga nesa.

Daga nan abubuwa suka juya da sauri. Adriano ya rasu a cikin jirgin ƙasa a Fabrairun 1960. Shekara mai zuwa Mario Tchou, shugaban sashen kwamfuta, ya mutu a haɗarin mota. Bashi ya yi yawa, a 1964 aka sayar wa General Electric sashen lantarkin. Wata 'yar tawaga da ta rage ta fitar da Programma 101 a 1965, na'urar da ake ɗorawa a kan teburi wadda wasu ke ƙirgawa cikin kakannin kwamfutar yau, har hukumar NASA ta saya. Carlo De Benedetti ya karɓi kamfanin a 1978, aka ɗan farfaɗo da kwamfutoci, sannan a 2003 aka narkar da shi cikin Telecom Italia. A 2018 UNESCO ta sa unguwar masana'antar Ivrea cikin wuraren tarihi na duniya. Masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto yanzu inda dubban mutane suka yi aiki, wanda a ganina wata irin ta'aziyya ce cikin ladabi.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Tafiretar Baba Tsoho ba ta da ƙ, ɗ da ɓ. In ya buga Hausa, sai ya zare takardar ya bi da biro yana yi wa haruffan ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, domin a takardar ciniki, in ji shi, akwai bambanci tsakanin wanda ya kasa da wanda ya sayi ƙasa. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa na bai ɗaya don harsunan Nijeriya, tare da masana irin su Kay Williamson da mai zanen haruffa Hermann Zapf, kuma Olivetti ne ya ƙera tafiretar da ke ɗauke da su. Sai dai ta zo a makare, kwamfuta ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya ce da ya samu irinta da idonsa bai mutu da wuri ba. Mu kuma da waya ke ba mu ƙugiyar kyauta, rabinmu ba ma sa ta.

Na ba shi labarin Camillo duka a zaure, da ɓuyarsa a ƙauye da jana'izarsa. Bai ce komai kan addinin mutumin ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Shi ya samu an rufe shi garinsu?" Na ce a'a, Biella aka rufe shi, tafiyar kamar daga nan zuwa Isa. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallon ƙofa.

Muna nan zaune wani mutumin Kurawa ya yi sallama. Mahaifinsa ya rasu a gudun hijira, takardun gidansu sun ƙone, kuma wani ya fara cewa gonar fadamarsu jingina ce ba saye ba. Baba Tsoho ya sa na kwance ƙunshin nan. Idonsa ba ya gani sosai yanzu, don haka ni na riƙa ɗaga takardun ina karanta masa sunaye, shi yana cewa wuce, wuce. Mun kai wajen ta saba'in kafin mu same ta, bugun kabon ne da ya dusashe, da sa hannun shaidu uku da dangwalen yatsa, da ƙugiyoyin biro a kan kowace ƙ. Mutumin ya riƙe ta da hannu biyu. Baba Tsoho ya ce kada ya tafi da ita, a kai shago a yi hoto a dawo masa da abarsa. Sannan ya juyo gare ni ya ce in na koma Sakkwato in duba masa ƙyallen tawada a tsohuwar kasuwa, wanda ke ciki ya bushe tun bara.