Kunun zaki a murhun lantarki: Tukunyar alminiyam ce cikas na farko

A Turai da Amurka, masu haɗa giya a gida sun rungumi murhun lantarki mai aiki da maganaɗisu, saboda yana tsayar da zafi daidai inda aka saita shi. A Zamfara doka ta hana giya tun bayan da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a 1999. Amma masu kunun zaki, daga Ruwan Gizo zuwa Talata Mafara, suna da irin wannan buƙatar.

Zaƙin kunu ba daga sukari kaɗai yake zuwa ba. Ɗanyen dankali ko tsiron hatsi da ake niƙawa a zuba ne ke mayar da sitacin gero zaƙi. Idan aka zuba shi kunun na tafarfasa, sinadarin ya mutu, kunu ya yi kauri babu armashi, mai sana'a ta ƙara kashe kuɗin sukari. Wutar itace kuwa ba ta saituwa, sai dai a janye ice a jira.

Sai dai murhun ba ya kama tukunyar alminiyam da ta cika gidaje, balle ta ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: idan maganaɗisu ya manne a gindin tukunya, za ta yi.

Sannan ga batun wuta. Murhun yakan ja kusan wat 2,000, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 tana nan kusa, amma wutar yankin daga layin Kaduna Electric take zuwa, kuma ba ta san lokacin dama kunu ba.