Bashi Ba Laifi Ba Ne: Ofishin 'Yan Sanda Ba Wurin Karɓo Shi Ba Ne

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma da zarar mai bin bashi ya gaji da jin "gobe", sai ka ga ya nufi caji ofis. Kafin la'asar an damƙo wanda ake bi, an jefa shi bayan kanta, a ce ba zai fito ba sai ya rubuta takardar alkawarin biya. In kuwa ba a same shi a gida ba, a tafi da ƙaninsa ko matarsa, wai don ya fito. Mun saba da wannan har muna ɗauka haka doka ta ce. Ba haka ta ce ba.

Dokar gudanar da shari'o'in laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta faɗa ƙarara a sashe na 8 cewa ba a kama mutum don rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. Sashe na 7 kuma ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu, ta maimaita duka biyun, jihohi kuma sun yi irin tasu ACJA ɗin, kamar yadda Kano ta yi a 2019. Kotun Ƙoli ma ta tsawata. A shari'ar Diamond Bank da Opara, a 2018, ta ce hukumar EFCC ba 'yar karɓo bashi ba ce.

Ga inda mai bin bashi ya kamata ya buɗe kunne. Wanda aka tsare yana da damar zuwa babbar kotu ya nemi haƙƙinsa na ɗan Adam, kuma ba 'yan sanda kaɗai yake iya haɗawa a ƙarar ba, har da wanda ya turo su. Sai ka ga mutum ya fita neman kuɗinsa, ya dawo da hukuncin biyan diyya a wuya, ga kuɗin lauya, ga na goron da ya riga ya ajiye a caji ofis. Garin neman ƙiba an samo rama. Bashin kuwa yana nan inda yake.

Sai dai kada mai cin bashi ya yi saurin murna. Akwai iyaka tsakanin bashi da zamba. Wanda ya karɓi kuɗi da ƙaryar yana da kayan da ba shi da su, ko aka ba shi ajiya ya cinye, ko ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi a asusunsa, wannan laifi ya yi, kuma aikin 'yan sanda ne. Shi ya sa wasu masu ƙara ke yi wa bashi rigar "zamba cikin aminci" a takardar koke. Alƙalai sun san wannan dabara.

To ina za a kai ƙarar bashi? Kotun majistare, ko kotun shari'ar Musulunci, ko kotun ƙananan basussuka irin wadda ake da ita a Kano da Legas, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya. Abin da za a tambaye ka shi ne hujja: rubutu, shaidu, ko saƙon banki na ranar da ka tura kuɗin. Mu kuwa kunya ke hana mu rubutawa, musamman in ɗan'uwa ne.

In har an tsare naka, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli kyauta ne, kuma mace na iya tsaya wa mutum; sashe na 167 na ACJA ya hana a ƙi ta don kawai mace ce. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, ya nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa a babban birnin jiharsa, ya tafi da sunan ofishin da ake tsare da mutumin da ranar da aka kama shi.